Gurbin da Babu Tsinke

Mijina mai gyaran kwamfuta ne, kafin ciwon nan mai cin jijiyoyi ya zaunar da shi. Injiniya kowa yake ce masa a layinmu, har ni, shi kuma tun muna saurayi da budurwa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Tela, saboda ɗinki nake yi. Ciwon daga ƙafa ya faro, ya haura hannun hagu, sannan ya zo ya nauyaya masa harshe. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce wannan ba ya komawa baya, sai dai ya yi sauri ko ya yi a hankali.

Da maganar ta fara gagararsa sai ya koma kan wata tsohuwar kwamfuta da ya haɗa da hannunsa shekarun baya. Tana kan tebur a falo, kusa da taga, akwatinta fari ne da ya koma ruwan ƙasa don tsufa. Yana murza ƙwallon maus da gefen hannun dama, ya zaɓi haruffa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta faɗa da wata murya ta namiji mai kama da ta mai karanta labarai. Da wannan muryar yake gaishe ni, da ita yake cewa shayina ya yi sanyi, da ita yake tsokanata in na ɗinka hannun riga a karkace. Maganar bakinsa kuwa ni kaɗai nake gane ta, ita ma sai na sunkuya na kasa kunne, kuma kalma kaɗan ce take ƙarar masa da numfashi.

Yayansa yana da babban gida a wani gari mai nisa, da 'ya'ya maza ƙarti waɗanda za su ɗaga mutum kamar buhun auduga. Tun da ciwon ya yi tsanani Yaya yake cewa a kawo shi can. Gaskiya yana da hujja. Ni kaɗai ce a gidan, 'yarmu tana aure nesa, kuma bayana ya fara riƙewa saboda ɗagawa daga gado zuwa keken guragu, daga keke zuwa bayi. Amma na ce ba inda za shi. Mun yi ta ja da Yaya a gabansa kamar ba ya ɗakin, har sai da muka ji muryar nan ta fito daga sifika ta raba mu.

"Muddin ina iya kunna wannan da hannuna kowace safiya, ina gidana. Ranar da na danna ta ƙi, Yaya ka zo ka ɗauke ni. Tela, kin ji?"

Na ce na ji, don in kashe maganar. Amma na san halinsa. Mutum ne da bai yarda da "ina jin ya yi" ba, komai sai ya gwada. Madannin da ke gaban akwatin nan mai tauri ne, sai ka tura shi ya shige ka ji ya ce ƙas kafin fanka ta tashi. Shi ya mayar ma'auninsa. Kowace safiya zan tura kekensa gaban tebur, in ɗora masa hannun a gefen akwatin, in ja da baya. Ba na taimaka masa, ba ya ma so in tsaya kusa. In na ji ƙas ɗin nan sai in wuce kicin da ƙarfina.

Sai wuta ta yi mana tsiya. An ɗauke, aka dawo da ita da ƙarfi, muka ji ƙauri ya cika falo. Babban allon da ke cikin akwatin, wanda suke ce wa madabod, shi ne ya ƙone. Tsohon maƙwabcin shagonsa ya aiko da sabo, har ya ce zai zo ya ɗaura. Injiniya ya girgiza kai. Da ƙyar na tsinto abin da yake faɗa: wai mutumin hannun mahauci gare shi, ba zai taɓa masa inji ba. Ni zan yi. Na ce, to ga tela ta zama injiniya, saura kai ka hau keken ɗinki. Gefen bakinsa ya motsa, dariyarsa ke nan yanzu.

Na shimfiɗa zani a kan tebur, na kwantar da akwatin, na sa masa tabarau na matso da shi. Da ido da haɓa yake nuna mini, ni kuma ina kwance ƙusoshi ina tara su a murfin gwangwanin maɓallai. Manyan abubuwan ba su ba ni wuya ba. Kowane fulogi yana da bakinsa, in ba wurinsa ba ne ba zai shiga ba, kamar dai maɓalli da raminsa. Har na fara jin kaina. Sai muka zo kan wayoyin gaba.

Wayoyi ne sirara masu launi, sun taso daga madannin kunnawa, da ƙaramin madannin da ke ƙasansa, da 'yan fitilu biyu, duk sun haɗu sun shige cikin wani ɗan baƙin fulogi guda mai ramuka layi biyu. A gefen sabon allon kuma akwai 'yan tsinkayen ƙarfe a tsaye, su ma layi biyu, sai dai a ƙarshen layin sama an bar gurbi ɗaya babu tsinke. Na danna fulogin a kansu, ya zauna daram. Na sa wuta, na danna madanni. Shiru. Fitila ɗaya ce kawai ta yi wani ja-ja mara ƙarfi ta tsaya a haka.

Raina ya ɓaci, na ce ai sun aiko mana da matacce. Ya ce a'a. A hankali, da hutawa tsakanin kalmomi, ya fahimtar da ni cewa akwatin na wani kamfani ne, allon na wani, kuma kowa yana jera wayoyinsa yadda ya ga dama. Ramukan sun dace, amma wayar madanni ta faɗa kan tsinken fitila, ta fitila ta faɗa wani wuri can daban. Na ce to wane irin rashin mutunci ne wannan, su zauna su yarda da tsari ɗaya mana. Na ce a sayo sabon akwati kawai a huta, na ga irin na yanzu madanninsu laushi gare shi, ko kyanwa ta taka sai ya kunna. Wani kallo ya yi mini, na bar maganar. Wannan akwatin da wannan madannin, ba wani ba.

Ya ce in ɗauko allura. A jikin baƙin fulogin, kowane rami yana da wani ɗan harshen roba da ya riƙe kan wayar. In ka sa bakin allura ka ɗaga shi kaɗan, wayar sai ta zame ta fito da ɗan ƙarfenta. In ka ɗaga da yawa ya karye. Na karya na farko, na zagi wanda ya ƙera shi har kakansa. Sauran kuwa lafiya lau na zare su, don hannun da ya saba warware ɗinkin leshi ba wannan ne zai gagare shi ba. Sannan ya sa na bi kowace waya da yatsa har inda ta fito. Koriya da fara su ne na madannin kunnawa. Daga cikin tarkacensa na samo ƙananan fulogai masu rami bibbiyu, na zura kowace biyu a nasu.

Akwai rubutu ƙanana a jikin allon kusa da tsinkayen, amma ya ce kada in yarda da rubutu sai na gwada. Ya sa na ɗauki sukudireba na taɓa tsinkaye biyu na ƙarshen layin sama a lokaci guda, waɗanda ke dab da gurbin nan da babu komai. Ina taɓawa fanka ta zabura ta fara juyawa, har sai da na yi baya. Ashe duk abin da madannin yake yi ke nan, ya haɗa tsinkaye biyu na ɗan lokaci. Na madanni ba ruwansu da gaba ko baya, duk yadda ka sa su daidai ne. Na fitila kuwa suna da kai da gindi, na sa su a juye suka ƙi haske, na juya su suka kama.

Wannan aikin da nake ba da labarinsa a numfashi ɗaya, kwanaki ya ci mana. Ba ya iya daɗewa a zaune, maganar kuma tana gajiyar da shi, wani lokacin kalma ɗaya sai ya maimaita ta har hawaye su taru masa don haushi kafin in gane. Gidan ya yi tsit babu muryar nan. A cikin kwanakin ne kuma na lura cewa in na ɗora masa hannu a kan hannun keke, yana zamewa ya faɗi kan cinyarsa, ba ya iya mayar da shi. Na gani, na kau da kai.

Ranar da na gama, barci ya ɗauke shi bayan azahar kafin in zura fulogin ƙarshe. Na ɗora koriya da fara a kan tsinkayensu, na tsayar da akwatin, na danna. Ƙas. Fanka ta tashi, koriyar fitila ta kama. Wallahi sai da na ji daɗi har cikin raina, ni kaɗai a falo. Na yi maza na zare wutar daga bango don kada ƙarar ta tashe shi. So nake da safe ya kunna abarsa da kansa, yadda ya saba.

Da safe na mayar da wutar, na tura shi gaban tebur, na ɗora masa hannun, na ja da baya. Yatsan ya sami madannin. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga, jijiyar wuyansa ta miƙe. Madannin ya shiga rabi ya tsaya. Ya sake. Yatsan ya lanƙwashe ya zame ƙasa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, kai, wayoyin nan ne, jiya da ma ban tabbatar da su ba, ina jin na rikita koriya da shuɗiya. Na juya akwatin da sauri, na zura hannu ta gefen da ban rufe ba kamar mai dubawa. Na zare ɗan fulogin madannin na matsar da shi gaba da taku ɗaya. Rami ɗaya ya zauna kan tsinke, ɗayan ya zauna kan gurbin da babu komai. Daga waje ba ka gane bambanci. Sannan na danna madannin a gabansa da ƙarfi, har sau biyu. Shiru.

"Ka gani ko? Ni ma ya ƙi," na ce.

Ya daɗe yana kallon akwatin. Can ya ce, to a sake bi daga farko.

Haka muka shiga. Kowace safiya sai ya gwada, sai in gwada, sai mu ce wayoyi. In zare na fitila in mayar, in bi koriya da fara da yatsa har gaba, in goge ƙarafan da tsumma, shi kuma yana ba ni umarni da haƙurin da ban san yana da shi ba. Yaya ya kira waya yana tambaya, na ce masa injin ne bai tashi ba tukuna, wayoyin gaba ba su dace da sabon allo ba, na yi masa bayani dalla-dalla har ya gaji ya ce Allah ya taimaka. Ba kunya ba tsoron Allah na yi ta zuba, kuma ban ji komai ba. Abin da nake ji kawai shi ne tsoron rabuwa da shi.

In ya yi barcin rana kuma sai in koma kan madannin. Na ɓalle fuskar akwatin na ɗiga masa man keken ɗinki, bai yi laushi ba, taurin a cikin wani ɗan ƙulli yake wanda ba ya buɗuwa. Na yi tunanin in mayar da koriya da fara kan ƙaramin madannin na ƙasa, tunda ya koya mini cewa duk aikinsu ɗaya ne. Amma wancan a lotse yake cikin rami, sai da farce ake kai masa. Na zauna da allura a hannu ina kallon abin nan da bai kai girman maɓallin kwat ba, ina jin kamar in sa guduma in farfasa shi.

Kuma ina ganin abin da nake yi masa. Mutum yana zaune da magana cike da ciki, abin da zai fitar masa da ita yana gabansa lafiyarsa ƙalau, ni na toshe. Wata rana ya yi ta ƙoƙarin gaya mini wani abu, na kawo ruwa, na kawo matashi, na rufe taga, ashe ƙafarsa ce ta maƙale a ƙarfen keke tun ɗazu har ta kumbura. Na durƙusa ina murza masa ita ina kuka, amma ban mayar da fulogin ba.

Abin da ya kawo ƙarshen wasan bayana ne. Da safe ne, na gama yi masa wanka, na rungumo shi daga kujerar bayi zan mayar da shi keke. Wani abu ya tsinke mini a ƙugu, ƙafafuna suka saki. Allah ya taimaka ya faɗa cikin keken a karkace, ni kuma na zube kan tayil a cikin ruwan sabulu. Na kasa tashi. Da rarrafe na kai ga tawul na rufa masa, da rarrafe na ja kaina na jingina da bango. Muka zauna a haka, shi a sama ni a ƙasa, yana kallona ba ya iya ko miƙo hannu. Na yi ta ce masa ba komai, santsi ne.

Da na samu na miƙe na shirya shi, na ce yau a bar maganar kwamfuta, a huta. Ya ce a'a. Na tura shi gaban tebur ina dafa keken don ni ma ya riƙe ni. Ya ce tabarau. Na sa masa. Ya ce in juyo masa da buɗaɗɗen gefen, in haska da fitilar waya. Bai ko yi lalube da ido ba, kai tsaye wurin ya kalla.

"Tela," ya ce, kuma ranar kowace kalma ta fito sarai. "Ƙafa ɗaya a kan iska take. Mayar."

Na ce kuskure ne, ban lura ba, abubuwan ƙanana ne. Ni da nake zura zare a allura ba tabarau, wa zan gaya wa haka? Na zura hannu na zare fulogin na mayar da shi kan tsinkayensa biyu. Na juya akwatin, na ɗora masa hannun. Wannan karon ban ja da baya ba, bai kuma kore ni ba.

Ya tura. Ya huta, ya sake turawa. Madannin ko rabin bai kai ba.

"Danna," ya ce.

Na ce ba zan danna ba. Na ce yarjejeniyar banza ce, ni ban taɓa yarda da ita ba, wane mai hankali ne zai ɗora zaman gidansa a kan ɗan roba. Na ce bayana zai warke, zan nemo wanda zai riƙa zuwa yana taya ni ɗagawa. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba su da daɗi. Ya bar ni na gama, yana kallon hannuna kawai. Na danna.

Ƙas. Fanka ta tashi, koriyar fitila ta kama, jar ta fara ƙiftawa yadda ya kamata. Na ɗora masa hannun a kan maus. Ƙwallon har yanzu yana iya murza ta, a hankali fiye da da. Na tsaya a bayansa ina kallon haruffan suna taruwa, na karanta kafin muryar ta faɗa.

"Aikinki ya yi kyau. Fitilun ma daidai."

Ya ci gaba da murzawa. Ya daɗe a kan wannan.

"Tun safiyar farko na sani. Da na danna ban ji ƙas ba. Na yi shiru ne don ni ma ina son kwanakin."

Na dafa kafaɗarsa. Hannun ya zame daga kan maus, na mayar masa.

"Kira Yaya."

Yaya ya zo da mota da manyan 'ya'yansa biyu kafin mako ya fita. Sun ɗauke shi daga keke ba ko nishi, abin da ni nake yi da addu'a da cije leɓe. An ce zan riƙa zuwa in bayan ya yi sauƙi, an ce akwai ɗaki, an ce abubuwa masu daɗi da yawa. Ni dai ina falo ina rufe gefen akwatin, ina ɗaure ƙusoshin da na tara a murfin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Kafin in rufe na sake danna ɗan fulogin da yatsa don kada jijjigar hanya ta zare shi.

Babban ɗan Yaya ya shigo ya ɗauki akwatin a hammata. A bakin ƙofa ya tsaya ya tambaye ni ko akwai wani abu da ya kamata su sani game da kwamfutar. Na nuna masa madannin. Na ce yana da tauri, sai ya tura sosai har ya ji ya ce ƙas, kuma ya riƙa kunna masa ita da sassafe kafin a kawo shayi, don yana son ya gaida mutane da kansa.